An Gan Shi a Shagamu

Yayanmu ya rasu tsakanin ƙaramar salla da babbar salla ta 1996, shekarar da sanƙarau ya yi wa ƙasar Kano shara. Masu lissafi sun ce a Najeriya kaɗai cutar ta ɗauke sama da mutum 11,000. Mu a Sabon Birni ba lissafi muke yi ba, makara muke gani ta fita da safe ta dawo, kafin azahar a sake zuwa masallaci ɗaukarta. Ranar Talata ya ce kansa na sarawa, Laraba wuya ya ƙi lanƙwasuwa, daren Alhamis aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura za a kai shi Gwarzo, rai ya yi halinsa a hanya. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yi masa wanka, an sallace shi, an jera itace an mayar da ƙasa. Shekarunsa 19, nawa 14.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi. “Yayanku” take ce mana, ga manya kuwa “wannan yaron”. Ko a zaman makoki kara ba ta sake ta ba. Mata na shigowa suna “Ya haƙuri?” tana amsawa “Da godiya,” ido a bushe. Kakarmu da ta yaye shi ta riƙe shi, ita aka bar wa kukan.

Da ruwan shuka ya sauka 'yan ci-rani suka fara dawowa. A cikinsu akwai wani ɗan unguwarmu mai dakon goro a Shagamu, wanda ya rantse a dandali cewa ya ga Yaya da idonsa, sati uku da suka wuce, cikin shuɗiyar riga, yana tsaye gaban mai shayi. Ya kira sunansa, ya waiwayo, sai wata babbar mota ta gitta tsakaninsu, tana wucewa babu kowa. Shi kuma a lokacin ko labarin rasuwar bai ji ba. Yara suka shigo da maganar cikin gida. Inna ta aike ni in kira shi. Ya tsaya a zaure, ita tana bayan zana, suka gaisa, ta yi masa tambaya ɗaya tak: “Da ka gan shi, ya rame?”

Kafin magariba zancen ya kai kunnen Baffa, wan mahaifinmu, wanda ke ja mana salla. Ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi. Ya ce wanda ya shiga kabari ya shiga barzahu, babu mai fitowa sai an busa ƙaho, in ma mai dakon ya ga wani abu to shaiɗani ne ya ari kamar yaron don ya raunana imanin mutane. Inna ta ce, “Haka ne, Malam.” Ba ta sake tayar da maganar ba.

Kusan shekara talatin ke nan ina juya wannan yinin a raina, don na lura abin da ya faru a gidanmu shi ne tarihin fatalwa a ƙasar Hausa a dunƙule: wani ya ce ya gani, wata ta so ya zama gaskiya, malami ya rufe ƙofa. Kuma ina ganin shi ya sa littattafanmu na ban tsoro suka cika da aljanu da mayu da matsafa, amma da wuya ka ga mamaci a cikinsu.

Kalmar fatalwa tsohuwa ce, kuma ba ta tafiya sai da 'yar'uwarta kurwa. A tunanin mutanen da, kurwa ita ce abin da maye ke kamawa ya ɓoye, mutum ya yi ta ramewa har sai an tilasta mayen ya tsallaka shi ya sake ta. Tana iya fita cikin barci ta yi yawo ta dawo. To in jiki ya mutu fa, ina ta nufa? Nan fatalwa ta samo wurin zama. Tsofaffin garinmu suna da siffofinta a baki kamar sun yi makwabtaka da ita: ƙafarta ba ta taɓa ƙasa sosai, maganarta ta hanci ce, ba ta da inuwa, kuma da zarar wanda ya san ta ya ambaci sunanta sai ta ɓace, ta bar shago da kaya, wani lokaci har da mata da 'ya'yan da ta haifa a can.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ɗaukar hankalina. Fatalwar Bahaushe ba ta cika dawowa gida ba. Ba ta buga ƙyaure cikin dare, ba ta zama a ɗakin da ta mutu. Kasuwa take tafiya, kuma kasuwa mai nisa. A bakin kakarmu, a Gwanja ake ganin matattu, can inda fatake ke kai kanwa da tufafi su komo da goro, tafiyar da kan ci watanni, wani ma ya tafi ke nan. A zamanin iyayenmu wurin ya koma Kurmi: Shagamu, Ikko, Badun, Fatakwal. Yanzu har Agadas da Libiya na ji ana ambata. Taswirar fatalwa ita ce taswirar ci-raninmu. A ƙasar da namiji kan rataya jaka bayan girbi ya ɓace wata shida ba wasiƙa ba saƙo, mutuwa da doguwar tafiya kamarsu ɗaya ga wadda aka bari a gida. Yarbawa ma suna da irin wannan, suna kiransa akudaya, kuma ba mamaki a layin goro na Shagamu labaran biyu suka sha haɗuwa suna aron juna.

Akwai wata shaidar da ta fi labarin kasuwa ƙarfi, don ita a jikin sunayen mutane take. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana ana ce tana wabi, kuma tsohon zato shi ne yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Sai a yi masa dabara. A kai jariri kan juji a ajiye kamar ba a so, a ɗauko a kira shi Ajuji. A sa masa Ajefas ko Ayashe don a nuna ba a damu ba, ko a roƙa a fili da Abarshi da Abarta. Wani a yi masa 'yar shaida a kunne don in ya dawo a gane shi. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gwarzo da Kabo ya san tsoho ko tsohuwa mai irin sunan nan, kuma akasarinsu masallata ne da ba su taɓa tunanin sunansu na ɗauke da wata tsohuwar aƙida cewa wanda ya tafi yana iya komowa ba.

Amma kada a ɗauka kafin Musulunci Hausawa masu bautar kakanni ne. Joseph Greenberg, Ba'amurken da daga baya ya yi suna wajen rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. Wanda ya karanta zai ga kusan gaba ɗayansa zancen iskoki ne: na gida da na daji, farare da baƙaƙe, wa ke son jan zakara, wa ke son baƙar akuya. Haka bori yake. Sarkin Rafi, Kuturu, Ɗan Galadima, Inna, Barhaza, duk mutanen Jangare ne, ba matattun gidan wani ba. Ko tarihin Kano da Tsumburbura da Barbushe ya buɗe, a kan Dala, ba da kushewar wani kaka ba. Wato tun asali iska ta fi mamaci fili a ƙasar nan. Fatalwa 'yar rakiya ce, shi ya sa da aka zo korarta ba ta yi wata gardama ba.

Korar ta zo ne da karatu. Malami yana da aya a hannu: ƙarshen Suratul Mu'minun, inda mai mutuwa ke roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, a ƙi, a shaida masa akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Wannan shamakin shi ne barzahu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littattafai irin su Nurul Albab da Ihya'us Sunna, ya bi al'adun da ya tarar ɗaya bayan ɗaya, daga yanka ga itatuwa da duwatsu har bidi'o'in jana'iza. Bayan jihadin da ya tashi a 1804 ya ci Kano, garuruwan nan namu na yamma, Gwarzo da Getso da Ƙaraye, suka zama garuruwan tsaron iyaka, masu ganuwa, suna tare hare-haren da ke fitowa daga wajen Maraɗi. Gari mai ganuwa yana tara malamai da almajirai, Maguzawa kuma suka ci gaba da zama a gidajen gona a bayan gari. Tsakanin cikin ganuwa da bayanta aka yi ta cinikin aƙida shekara da shekaru, abin da ya fito shi ne irin maganar Baffa: ba a ƙaryata wanda ya gani, sai dai a sauya masa sunan abin da ya gani. Ba mamaci ba ne, ƙarininsa ne, ko wani aljani ne ya sa rigarsa. Da wannan fassarar aka kwashe duk abin da fatalwa ta mallaka aka damƙa wa aljani, wanda shi Alƙur'ani ya tabbatar da shi, har da sura sukutum.

Ko yanayin binnewarmu ba ya ba fatalwa wurin fakewa. Ba a kwana da gawa in da hali. Babu akwati, babu gini, babu rubutu. Itace ne ko fasassun tukwane, sai tudun ƙasa, damina uku ta baje shi. Mata ba sa rakiya. Inna har yau ba ta san ko ta wace kusurwa kabarin Yaya yake ba, ni ma da na tsaya a kansa ranar, yanzu sai dai in nuna wajen wata aduwa in ce ta nan ne.

Sai dai rufe ƙofar bai kashe tsoro ba, juya masa fuska ya yi. A labarin Turawa mamaci ne ke fitowa ya sami mai rai. A namu mai rai ake kamawa a leƙa da shi cikin rami. In ana neman adabin ban tsoro na Hausa na asali, ba a littafin boko yake ba, yana cikin waƙoƙin wa'azi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara Godaben Gaskiya da Hausa, malamai mata da ake kira jaji suka ɗauka suka kai wa matan ƙauye, da bayanin wuta da aljanna dalla-dalla. Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya yi Imfiraji, ya rasu a 1990 amma muryarsa ba ta bar tashoshin mota ba, don almajirai da makafi sun haddace. Na tuna wani makaho da kan zo garinmu bayan girbi da ɗan jagoransa, ya tsaya ƙofar gida yana rera irin waɗannan baitoci: fitar rai, takun masu rakiya suna juyawa gida, kabari na matsewa har haƙarƙari su shige juna, Walakiri da gudumarsa, kunamu, siraɗi. Mu yara mukan bi shi gida-gida, tsoro na kashe mu amma ba ma iya komawa. Babu wani littafi da na karanta daga baya da ya hana ni fita fitsari da dare kamar wannan makahon. Amma a lura, wannan adabi ne na tsoratar da mai rai kan tasa mutuwar. Ba ya cewa komai ga uwar da ke son sanin ko ɗanta ya rame.

Da boko ya zo, shi ma hanyar da aka share ya bi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sa gasar ƙaga labari, aka buga waɗanda suka yi fice tun daga 1934. Cikinsu har da na mutumin ƙasarmu, Muhammadu Gwarzo, mai Idon Matambayi, abin da muke tinƙaho da shi a makaranta ko da yawancinmu ba mu taɓa riƙe littafin ba. Labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara kuwa duk sun kai jarumansu ƙasar aljanu sun dawo da su lafiya. Wanda ya taɓo baƙin cikin rabuwa sosai shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙetare hamada, suka sadu a ƙasar Larabawa tana gab da cikawa. Ita ma da ta mutu, ta mutu ke nan. A kwatanta da Kudu: a 1938 D. O. Fagunwa ya cika dajinsa da dodanni da ruhohi cikin Yarbanci, a 1952 kuma Amos Tutuola ya tura mashayin bammi har garin matattu neman mai yi masa ɗiban bammi da ya faɗo daga bishiya ya mutu. Marubucin Hausa na wancan zamani, wanda ya yi allo kafin ya yi boko, ba zai aika kowa garin matattu ya dawo da labari ba. Ya san abin da malaminsa zai ce.

Ni ban san duk wannan ba lokacin da na fara hayar littattafai. A Gwarzo nake sakandare, kuma kusa da tasha akwai wani mai tebur da ke ba da hayar littafi, naira biyar kwana biyu, in ka yaga bango ka biya kuɗin sabo. Lokacin adabin kasuwar Kano na tashe. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya riga ya zaga ko'ina, 'yan mata na rububin littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. Mu samari muka fi karkata ga ɗaya gefen teburin, inda bangon littafi ke da ƙoƙon kai da jini da mace mai kofato. Nan na san sunan Nazir Adam Salih da Kibiyar Ajali, daga baya Maje El-Hajeej Hotoro, sannan Abdul'aziz Sani Madakin Gini da littattafansa na yaƙi masu cike da bokaye da aljanu. Nakan karanta da fitilar ƙwai har kananzir ya ƙare, Inna na faɗa daga ɗakinta.

Sai da na girma na gane abin da nake nema a teburin nan. Ina neman littafin da wani zai mutu ya dawo ya yi wa 'yan gidansu magana. A cikin duk waɗanda suka ratsa hannuna ban samu ba. An sha fara mini kamar za a ba ni: amarya ta mutu, ga ta kuma tana yawo a gidan cikin farin mayafi, gabana na faɗuwa, ina cewa yau dai ga shi. Kafin littafi na biyu ya ƙare sai a warware: aljana ce ta shiga siffarta, ko kishiya ce ta haɗa baki da boka, ko dama ba ta mutu ba, 'yan ƙungiyar asiri ne suka sace ta aka binne iccen ayaba. Daga nan malami ya shigo da Ayatul Kursiyyu, a ƙone aljanar, a rufe da addu'a. Maganar Baffa ce dai aka mayar littafi uku-uku.

Ban ga laifinsu ba, zamaninsu suka rubuta. A tsakiyar shekarun 1990 ne aljanu suka riƙa faɗa wa 'yan matan makarantun Kano, sunan Sumbuƙa ya shiga bakin kowa, kaset ɗin ruƙiyya ya zama haja, kana jin malami na yi wa aljani tambayoyi kamar alƙali, aljanin na amsawa da muryar yarinya. Mai karatu ya riga ya yarda da wannan, ba sai an lallashe shi ba. Ga kuma ido a kan marubuta: an kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, hannunta ya kai ga littattafai, a 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a. Kan soyayya aka yi wannan rigimar, amma wanda ya ga an ƙona littafi saboda saurayi da budurwa ba sai an gaya masa abin da zai biyo bayan tayar da mamaci ba.

Abin da littafi ya hana mu, bidiyo ya ba mu ta bayan gida. A wani gidan kallo mai janareta na ga Karan Arjun, fim ɗin Indiya na 1995, wata bakwai ko takwas bayan rasuwar Yaya. An kashe wa mace 'ya'ya biyu, ta ƙi yarda, ta yi shekaru tana cewa za su dawo, gari na mata kallon mahaukaciya, kuma suka dawo, Shah Rukh Khan da Salman Khan, an sake haifarsu a wasu gidaje. Ɗakin ya cika da yaran da kowannensu ya binne wani a bazarar nan. Da aka zo inda uwar ta gane su, babu mai tari. Muna fitowa wani babba a cikinmu ya ce, “Kafirci dai ba kyau,” muka ce wallahi kuwa, washegari muka koma muka sake biya. Haka Living in Bondage na 1992, fim ɗin Ibo, inda matar da miji ya ba 'yan asiri don kuɗi ta riƙa fito masa har ya haukace. Masu fim ɗin Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, sun ari rawa da waƙa da rikicin auren dole daga Indiya ba tare da jin kunya ba, amma sake haihuwa da dawowar mamaci sun bar wa masu su.

To ina baƙin cikin yake zuwa, tunda an toshe masa nan? Na daɗe ina zaton haɗiye shi kawai ake yi. Bazawara tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki. Uwa ba ta da ko wannan. Sadakar uku da bakwai da arba'in, inda ake dama gumba a soya waina dangi su sake haɗuwa, ita ma tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake ja da ita, gidaje da yawa sun daina. Ba na cikin masu cewa a dawo da ita ko a bar ta, wannan na malamai ne. Abin da na sani shi ne ranar arba'in ɗin Yaya ce kaɗai ranar da na ga Inna ta yi aiki tun asuba har dare ba ta zauna ba, kuma da daddare ta yi barci.

Amma akwai ƙofofi biyu da ba a taɓa rufewa ba, dukansu a hannun mata. Ta farko tatsuniya. Kakarmu tana da ta wata marainiya da kishiyar uwa ke ba ta ƙanzo, takan je kan kushewar uwarta ta yi kuka, murya ta amsa daga ƙasa ta gaya mata inda za ta tona ta sami abinci. Baffa na jin wannan daga zaure bai taɓa cewa uffan ba, don tatsuniya da kanta take shelar cewa ƙarya ce kafin a watse, a jingina wa Gizo.

Ta biyu ita ce babba: mafarki. Bayan shekara guda da rasuwar, Inna ta tashi da safe ta aika a kira Baffa, wannan karon ita ta neme shi. Ta ce ta ga yaron nan cikin farin kaya, ya ce mata mai facin keke na bakin kasuwa yana binsa naira arba'in. Na zuba ido in ga Baffa ya yi faɗa irin na bara. Sai ya ce, “Mafarkin mamaci gaskiya ne, yana gidan gaskiya, ba ya ƙarya.” Ya ciro kuɗin daga aljihunsa ya ba ni. Mai facin ya yi shiru, ya ce haka ne, taya da tib ne, amma shi ya yafe tun ranar jana'iza. Na dawo da kuɗin aka yi sadaka da su. Mai son gardama zai ce ta taɓa jin Yaya ya ambaci bashin ta manta, barci ya tono mata. Ni ma na sha faɗa wa kaina haka. Abin da ya tsaya mini shi ne mutumin da ya kori fatalwa daga gidanmu shi ne ya buɗe wa mafarki ƙofa da hannunsa, kuma yana da madogara: Ibnul Ƙayyim a Kitabur Ruh ya yi dogon bayani kan haɗuwar rayukan masu barci da na matattu, Suyuɗi ma, wanda ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa a ƙarni na 15, yana da littafi guda kan halin matattu a kaburburansu.

Nan nake ganin marubutanmu sun bar gona ba shuka. Duk gidan da ka shiga a Sabon Birni akwai irin labarin nan: uba ya zo a mafarki yana nuna iyakar gona, kishiya ta zo neman gafara, jariri ya zo ya girma. Akwai tsoro a ciki, akwai asiri, akwai bashi da amana da gado, duk abin da labari mai sa faɗuwar gaba ke buƙata, kuma babu malamin da zai ce an yi saɓo. Amma mun fi son aljana mai kofato, don ita ba ta tuna wa kowa da kowa. Wanda na ga ya kusanci wurin shi ne Abubakar Adam Ibrahim na Jos, a The Whispering Trees na 2012, labarin saurayin da ya makance a hatsarin da ya kashe mahaifiyarsa, ya koma yana ganin abin da masu ido ba sa gani. Da Turanci ya rubuta. Ina zargin harshen ya ba shi wata rumfar da Hausa ba za ta ba shi ba, don da Hausa Baffa ma zai iya karantawa.

Da na haifi ɗana na fari na mayar da sunan Yaya. Dangi suka ce an yi magaji, Inna kuwa ta sami suna na biyu da ba za ta iya faɗa ba, sai ta laƙaba masa Maigida kamar yadda kaka ke yi wa jika, tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba.

A 2011 wani aiki ya kai ni Shagamu. Na gama abin da ya kai ni tun kafin azahar, motar dawowa sai dare. Na ce bari in sayi goron tsaraba. Na shiga layin 'yan goro a Sabo, na yi ciniki, na biya, aka ɗaure mini a ganye. Sai na ga la'asar ta yi ina nan ina zagaye, daga wannan mai shayi zuwa wancan, ina duban fuskar duk wani dogo mai kimanin shekara 34.

Da na dawo na kai wa Inna goronta. Ta tambayi hanya, ta tambayi ruwan sama a can, ta ce goron ya yi tsada bana. Tana kwance ganyen ba ta dube ni ba ta ce, “Ka shiga kasuwar?”

Na ce, “Na shiga, Inna.”

“Da mutane?”

“Maƙil.”

Ta zaɓi fari guda ta ɓare, ta miƙo mini rabi.